Mastar ɗin ɗiyar ƙanwata, daga rumfar kwalara har bakin randa

Yaran da sunka gama lisans sun dame ni da tambaya ta WhatsApp, wai Baba in mutum na son aikin tsabta da lahiyar muhalli mi za shi karanta, ina ake yin mastar ɗin, kuma shina da anfani ko zubar da kuɗɗi ne kawai. Na gaji da amsa ɗaya-ɗaya, to bari in kawo muku labarin mutum guda da na bi tahiyarta tun daga farko har ranar sutunansi, wato ranar kare aikin bincikenta gaban malamai. Ɗiyar ƙanwata ce, ta yarda in rubuta amma ta ce kar in kama sunanta. Ni kaina tsohon duba-gari ne nan Tawa, wanda a takarda ake ce ma teknisiyen na tsabta, na yi aikin har na yi ritaya kuma ba ni da mastar, ku riƙe wannan don za mu komo kanshi.

Yarinyar ta ci bak D, likita take so ta zama amma ba ta samu ba, sai ta yi lisans na ilimin halittu a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. Bayan nan sarwis sibik, anka turo ta wani CEG cikin jihar Tawa tana koyar da ɗiya. To a damanar 2021 kwalara ta shigo, wadda ta taɓa Maraɗi da Damagaram da Tawa da Doso har Yamai, a ƙasa baki ɗaya mutum sama da 5,000 sunka kamu, sama da 150 sunka rasu. Hannu ya yi kaɗan, anka kira mu tsohin hannu mu taimaka, ita kuma tana bakansi tana zaman banza gida, na ce tashi mu tahi.

Aikin da na ba ta shi ne haɗa ruwan kulor, maganin da ke kashe ƙwayoyin cuta. Duro ukku ne kullum a rumfar masu zawo da amai, kowane da ƙarhinshi. Akwai na 0.05 cikin ɗari na wankin hannu, cokalin miya guda na garin kulor da ake ce ma HTH cikin lita 20. Akwai na 0.2 na wanke gado da ƙasa da bokiti da tahin takalmi, cokali huɗu cikin lita 20. Sai na 2 cikin ɗari, wanda shi ake zuba ma zawo da aman marar lahiya kuma da shi ake gyara gawa. In ka rikita su ko dai ka ƙone hannun mutane ko ka bar cuta da ranta. Kwana biyu ta iya, har tana gyara ma wasu. A kwana na biyar da dare muna zaune bakin ƙofa muna shan shayi ta ɗauko rajistar da ake rubuta masu shigowa ta ce, "Kawu, ka lura kusan rabin mutanen ga daga gari guda suke, kuma duk gefen tabki? Mu muna nan muna jiran su taho a kwance, wa ke can?" Na ce mata akwai masu zuwa heshi gidaje. Ta ce heshin gida daban, sanin inda abin ke hitowa daban. Ban ba ta amsa ba, na dai ƙara mata shayi. Daga ranan ta bar zancen koyarwa.

Da ta gama sarwis sibik a 2022 munka zauna munka duba hanyoyin da ke gabanta. Akwai 2iE ta Wagadugu, makarantar injiniyoyin ruwa da muhalli, ita kam sunanta ya kai ko'ina, wanda ya hito can da mastar na ruwa da tsabta ba ya daɗewa bai samu aiki ba, amma kuɗɗinta ba na ɗiyan talaka ba ne in babu bursi, kuma ta hi karkata wajen lissahin gini da bututu da magudanai. Akwai IRSP ta Wida a Benin, ita kuma lahiyar jama'a ce zalla, manyanmu da yawa can sunka yi. Sai na gida, jami'a da makarantun lahiya na gwamnati a Yamai, da kuma makarantu masu zaman kansu da sunka cika gari, kowane kwana ka ga allo wai mastar kaza mastar kaza. Tsarin duk ɗaya ne a takarda, LMD, lisans shekara 3, mastar shekara 2, zango huɗu, na ƙarshe istaj da memuwar, wato koyon aiki da rubuta littahin bincike.

Nan ne munka yi kuskuren da ya ci mana shekara guda, kuma har da laihina a ciki.

Wata makarantar kuɗɗi a Yamai ta ce tana da mastar na lahiya da muhalli, darasin yamma, biya kashi ukku, ga hoton ɗalibai da farar riga a Facebook, ga sunan CAMES, hukumar ƙasashen Afirka mai tantance diplom, an rubuta da manyan baƙaƙe a allon ƙofa. Wanta da ke bida Abijan ya turo kuɗɗi, uwarta ta saida tumaki biyu, ta shiga. Wata ukku tana kirana tana cewa Kawu har yanzu ba mu ga labo ba, ni kuma ina ce mata ki yi haƙuri farko ne. Malamai na zuwa su karanta musu takarda ta majigi su wuce, wani darasin da ya kamata shi ci wata guda a kwana huɗu ake gama shi, su da masu karatun kasuwanci ana haɗa su aji guda a wasu darussan. Sai wajen wata na bakwai wani abokin aikina na da, da ke buro a Yamai, ya tambaye ta abin da ya kamata in tambaya tun ranar farko: kin ga takardar izinin buɗe wanga hanni da idonki? Ta je ta tambaya, anka ce dosiye na kan hanya. Ashe makarantar tana da izini, kuma wani diplom nata guda daban shi ne CAMES ta amince da shi, amma mastar ɗin da yarinyarmu ke biya babu ruwanshi da wannan. Abin da mutane ba su gane ba ke nan, CAMES, wadda cibiyarta ke Wagadugu, diplom-diplom take dubawa ta amince, makaranta na iya samun hatimi kan hanni guda ta rataya shi a ƙofa ya ruhe sauran goma. Kuma ko babu zancen CAMES, in ma'aikatar ilimi mai zurhi ba ta ba hannin izini ba, ranar da ka kai takardarka kwankur ko neman ƙarin girma a aikin gwamnati sai a maido maka ita. Ta bari. Kuɗɗi ba su dawo ba, uwarta ta yi wata biyu in na gaishe ta sai ta amsa da "lahiya" kawai ta kashe waya.

A 2023 ta shirya dosiyen Wida, sai ga juyin mulkin 26 ga Yuli, iyaka da Benin ta ruhe, masu tahiya sai dai su tsallaka kogi da kwalekwale tsakanin Gaya da Malanbil, uwarta ta ce ko da wasa. To sai ta nemi wata makarantar gwamnati a Yamai, mastar na lahiyar jama'a mai reshen tsabta da muhalli, wannan karon ni da kaina na hau kar na yi kilomita ɗari biyar da wani abu na je na ga takardu, zuwa da kai ya hi aike. Ba zan kama sunan makarantar ba don akwai ɗan ƙorahi gaba.

Shekarar farko ta sha wuya wajen lissahi. Mai lisans na halittu ya san ƙwayar cuta da madubin likita, amma ilimin bin sawun annoba da ƙididdiga wani abu ne daban, yadda ake zaɓen gidajen da za a tambaya don kar ka zaɓi na ƴan uwanka kawai, yadda ake gane ko bambancin da ka gani na gaske ne ko dace ne. Sun yi Epi Info na ƙididdiga a kwamfuta, sun yi KoboCollect na tara amsoshi a waya, sun yi QGIS na zana taswira. Sun yi sinadaran ruwa, shara da dattin likita, sauro da ƙuda, tsabtar abinci, guba, binciken illar manyan ayyuka ga muhalli, da doka. Wajen doka na ɗan yi mata anfani don ni da dokar tsabtar jama'a ta 2 ga Maris 1993 na yi aiki har na kusa haddace ta, ita kuma ta koya min abin da ke cikin sabuwa ta 2022, munka yi dariyar dokar 2014 da ta hana leda, don muna maganar iska na kaɗa leda baƙa bisa itacen ƙofar gidana. Wata rana ta kira ni da murna tana ba ni labarin wani likitan Ingila John Snow da a 1854 ya zana gidajen masu kwalara a Landan ya ga duk pampo guda suke sha, ya sa anka cire hannun pampon. Na ce to ai abin da kika yi da rajista ke nan a 2021, ta ce e amma shi an saurare shi.

Abin da ya hi girgiza ta cikin darussan shi ne na Tibirin Maraɗi. Ni na san zancen tun ina aiki, ita ba ta sani ba. An yi rijiyar burtsatse a shekarun 1980, ruwa garau, babu wari babu ɗanɗano, mutane na murna sun huta, ashe sinadarin fuluwor ya yi yawa ciki, ya ninka iyakar miligiram 1.5 a lita da hukumar lahiya ta duniya ta sa har sau ukku ko hiye, shekaru na tahiya ɗiya sunka riƙa tasowa da haƙora jajaye da ƙafafu a lanƙwashe, wasu har yau da shi suke rayuwa. Sai kuma gubar dalma ta Zamfara a 2010 inda ake niƙa dutsen zinariya cikin gida, ɗiya wajen 400 sunka rasu. Duka biyun babu wanda ido ko hanci zai gane, awo kawai ke nuna su, kuma mu duba-gari na da ido da hanci munka hi aiki da su, sai takardar tara.

Damanar 2024 tana istaj ambaliya ta taho, wadda ta kashe mutum sama da 300 a ƙasa kuma ta taɓa sama da miliyan guda, salgogi sunka cika sunka haɗe da rijiyoyi, kwalara ta sake ɓullowa wajenmu, Buza da Ƙonni da Madawa. An tura su rabon Aquatabs, ƙwayoyin tsabtace ruwan sha, da awon ruwa a wuraren da anka tsugunar da mutane. Daga can ta samo batun memuwar ɗinta, don ta ga ana kawo ruwa mai kyau da sitan, an auna an gani, amma ɗiya na zawo duk da haka.

Malamin da ke duba mata aiki ya so ta yi wani batu mai faɗi, irin "sanin jama'a da halayyarsu kan tsabta", wanda ake raba takardar tambaya a tara amsa a gama. Ta ƙi. Ta ce ita ruwa za ta bi da ƙafa, daga pampon unguwa zuwa bidon ɗan garuwa, zuwa randar gida, zuwa moɗar da yaro ke kai ma baki, ta auna a kowane zango ta ga inda yake lalacewa. Ta zaɓi wata unguwa a gehen Yamai inda yawancin gidaje ba su da pampo, garuwa suke saye.

Satin farko babu ɗan garuwan da ya tsaya mata. Ta sa farar riga, ta rataya baji, ga takarda a hannu, su kuwa sun ɗauka daga ma'aikatar magajin gari take za a sa musu haraji, wani ma ya bar kurarshi da bido goma ya shige lungu. Ta kira ni tana kusan kuka. Na ce mata ɗiyata cire rigar nan ki ɗaura zane, ki fara da mai unguwa ki kai mishi goro, shi zai haɗa ki da babban ƴan garuwa, kuma duk bidon da za ki ɗiba ki saye shi dukanshi da kuɗɗinki ki ba wata tsohuwa sauran. Wannan babu shi cikin darasin zango ko guda, kuma shi ya buɗe mata aikin.

Na je Yamai duba ido lokacin, na bi ta wuni guda. Awon kulor abu ne mai sauƙi, ɗan akwatin roba ne mai ido biyu, ka cika da ruwa ka jefa ƙwayar awo da ake ce ma DPD ka girgiza, in akwai kulor ruwan ya koma ruwan hoda, ka gwada launin da ma'aunin da ke gehe. Ana son a samu tsakanin 0.2 da 0.5 na miligiram a lita wajen mai sha. A bakin pampo da sahe launi ya hito sarai. A bidon garuwa ya ɗan kwanta amma shina nan. Munka shiga gidan wata tsohuwa, ruwan da ta saya jiya da la'asar cikin randa ƙarƙashin bedi, sanyi kamar na firiji, yarinyar ta ɗiba ta jefa ƙwaya ta girgiza, fari fat. Muna tsaye jikan tsohuwar ya taho daga bayan ɗaki da gudu, ya ɗauki moɗa daga ƙasa inda kaji ke kiwo, ya zurma hannu har gwiwar hannu cikin randar ya sha ya yar da moɗar ya wuce. Tsohuwar ta ce, "Ƴata, randar ga tun aurena take, ruwanta bai taɓa kashe kowa ba." Yarinyar ta ce, "Inna, ai randar ba ta da laihi, bari in nuna miki gobe."

Awon ƙwayar cuta shi ne mai wahala. Ana tace mililita 100 ta wata ƴar takarda mai ƙananan ƙofohi, a ɗora ta kan abincin ƙwayoyin, a sa cikin akwatin ɗumi a digiri 44 har awa 18, kuma dole ruwan shi shiga awo cikin awa 6 da ɗibarshi, cikin kankara. In ruwan sha mai kyau ne, bai kamata a ga ko ɗigo guda na ƙwayar cuta ya tsiro bisa takardar ba. Lokacin zahi ne, wuta na ɗaukewa, sau biyu aikin kwana guda ya lalace mata kahin ta ari batirin mota wajen wani makanike. Washegari ta koma gidan tsohuwar da faranti biyu a ruhe, na pampo wayam, na randa ya cika da ɗigo-ɗigo rawaya kamar an watsa gero. Tsohuwar ta daɗe tana kallo ta ce a'uzubillahi, wannan daga ina. Ta ce mata daga hannu da moɗa.

To a nan ne zan faɗi abin da ya sa na ce ku riƙe zancen rashin mastar ɗina. Ni shekara da shekaru ƴan garuwa nake ɗora ma laihi. In na leƙa bido na ga kore-kore a ciki sai tara, na ƙwace bido ba adadi, kuma na yi imani ina kare jama'a. Aikinta ya nuna a wannan unguwar bidon na da nashi laihi amma ba shi ne babba ba, ɓarnar ta hi yawa cikin gida bayan ruwan ya kwana, kulor ya tashi, hannu ya shiga ya hita sau talatin. Da za a ba ni kuɗɗin yaƙi da zawo a da, da wajen garuwa zan kashe su duka. Ita ta san ta ce a kashe su wajen murhin randa da moɗa mai dogon hannu da ake ratayewa da bokiti mai pampo, kuma ta iya kare maganar da lissahi gaban mutanen da ba su yarda da "na gani da idona". Wannan shi ne abin da shekara biyun ta saya mata. Abin da ba ta saya mata ba kuma na gani, don da na kai ta mahauta nan Tawa ba ta san ta inda ake fara duba nama ba, kuma ta yi ma sarkin fawa magana a tsaye da faransanci rabi, sai da na ja ta gehe. Wanda ya taho daga teknisiyen ya yi shekara biyar a hili sannan ya nemi izinin ƙaro karatu ya hi ta a wannan nesa ba kusa ba, matsalarshi shi lissahi da rubutu.

Memuwar ta makale wata huɗu a teburin malamin, yau shina taro gobe shina tahiya, ɗalibai goma sha ke hannunshi, ta riƙa zuwa ƙofar buronshi tun ƙarhe bakwai tana zama kan banci har ya gaji da ganinta ya karanta. A gida kuma ga zancen aure, gwaggwanninta na cewa boko ba ya ƙarewa ne. Sutunansi anka yi a 2025. Wani cikin alƙalan ya tambaye ta, tunda Nijar ta iya kawar da kurkunu har an ba ta shaida a 2013, mi ya hana zawo. Ta ce kurkunu tace ruwa da ƙyalle da hana mai ciwo shiga tabki ya ishe shi, shi kuwa zawo muddin kusan kashi biyu cikin ukku na mutanen ƙasa a daji suke bahaya, kowace rana sabon iri ake shukawa, shi ya sa shirin ATPC na garuruwa su gina salga da kansu da aikin randa tare suke tahiya. Ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu.

Aiki fa, kar in yi muku ƙarya. Ta gama bayan da Amurka ta tsaida tallahinta a farkon 2025, ƙungiyoyi da yawa na rage ma'aikata, kwankur na gwamnati kuma ba kullum ake buɗewa ba. Ta yi wata biyar tana aje dosiye. Yanzu tana da kwantaragin wata shida da wata ƙungiya, tana yawo CSI-CSI, wato ƙananan asibitoci, cikin Adar tana duba ruwa da salga da yadda ake ƙona allura da auduga, in ya ƙare ba mu san na gaba ba. Tumakin uwarta dai ta maida guda.

Da sallar layya ta taho gida da bokiti mai murhi da ɗan pampo a gindi, ta kafa shi kan kujera tsakar gidana, ta ɗaure moɗa da igiya a ƙusa. Jikokina sun ɗauke shi abin wasa, da shi suke sha yanzu. Matata kuwa ta ce ruwan roba zahi gare shi kamar na wanka, ta matsar da randarta bayan ɗaki inda take zaton ba na gani, jiya da azahar na same ta can tana sha, ta ce in na kuskura na gaya ma yarinyar ba ni ba hura.